Bajamushiya a Turke

Mahaifina dillalin shanu ne, kuma da idon dillali yake duban komai na duniya. Ko agogo zai saya sai ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya juya bayansa kamar mai neman kaska. Shekara da shekaru yana bin kasuwannin ƙasar Daura, daga Mai'aduwa zuwa Zango zuwa Baure, har ya gina gida a cikin birni, ya aurar da 'ya'ya, ya sauke farali, amma ko keke bai taɓa saya wa kansa ba. Motar haya yake shiga, a matse shi da buhuna da awaki, ya sauko yana karkaɗe riga. In aka ce, "Alhaji, ai ka wuce haka," sai ya ce shi mota ɗaya yake jira, in ba ita ba ƙafarsa ta ishe shi.

Motar da yake jira kowa ya san sunanta, ita ce ta Jamus mai tauraro a goshi. A gidanmu kuwa tun ba ta zo ba Bajamushiya muke ce mata. Dalilin jiran ma mun san shi, domin ya ba mu labarin har mun haddace. Yana ɗan shekara goma sha biyar, wata ranar kasuwar Zango, yana koro shanun wani mutum a ƙasa, mahaifiyarsa tana biye da shi da ƙwaryar gyaɗa a ka, sai wata baƙar mota ta wani attajirin gyaɗa ta zo ta wuce su sululu, ba ƙara ba hayaƙi, mai ita yana kishingiɗe a baya. Ya waiwaya ya ga mahaifiyarsa ta tsaya cak tana bin motar da kallo har ta ɓace, sannan ta sa bakin zane ta share ido. A wurin ya yi wa kansa alkawari, in Allah ya ba shi rai da hali, sai ya ɗauki wannan baiwar Allah a cikin irin wannan mota.

Abin da ya ƙara wa alkawarin nauyi shi ne Baba ɗan fari ne. Kakata irin matan da ce, masu tsananin alkunya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, in ya je ƙauye gaishe ta sai ta juya gefe ta amsa a taƙaice kamar wanda ya zo karɓar haraji. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". Ya kai mata atamfa, ya kai buhun shinkafa, ya yi mata ɗaki da kwano, iyakar abin da ake ji shi ne "an gode", shi ma ta bakin wani. Mutum ya yi furfura yana neman kalma ɗaya daga bakin uwarsa bai samu ba. Ni kuwa da nake jikanta, ni ne "maigida", da ni ake raha, har ta ce in ban kawo kuɗin cefane ba za ta kai ni ƙara gaban alƙali tunda yanzu shari'a ta zo.

A shekarun farkon shari'ar ne kuwa abubuwa biyu suka haɗu. Kaka, wadda ta daɗe tana ƙin zuwa Hajji wai babu mai duba mata awaki, ta aiko cewa ta yarda. Baba kuma ya sayar da wasu bijimai da ya turke, ya aika Kwatano aka taho masa da Bajamushiya ta hanyar Nijar. Ba sabuwa ba ce, ta sha duniya a ƙasarsu kafin ta zo mana, amma ranar da ta tsaya a ƙofar gidanmu, a farkon damina, sai ka rantse daga leda aka ciro ta. Baƙa wuluk, doguwa, kujerunta na fata, in ka rufe ƙofarta sai ka ji wani tim mai nauyi wanda har yanzu ban ji irinsa a wata mota ba. Unguwa ta cika. Wannan ya ce Allah ya tsare, wancan ya ce Allah ya sa a kashe lafiya, Baba yana ta amin yana rabon goro. Ya zagaya ta ya fi sau goma, ya dafa ƙugunta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya sa aka buɗe bonet ya duba kamar mai ƙirga haƙoran bijimi.

Ni a lokacin ina koyarwa a firamare, ina da aure da ɗa ɗaya da wani tsohon babur mai tari. Ni kaɗai na iya tuƙi a gidan, saboda haka a raina na riga na gama tsara inda za ni da inda za ni, har da gidan surukaina. Abin nema ya samu, in ji ni.

Akwai wani bakanike a bayan tasha, dattijo ne gajere mai yawan surutu, wanda ya yi shekaru a Kano yana gyaran irin waɗannan motoci. Shi aka kira ya duba ta. Ya saurari injin da kunnensa ya ce lafiya lau, sannan ya zauna a kan benci ya buɗe mana tarihi ba wanda ya tambaye shi. Ya ce mutanen da suka kafa gidan da ke ƙera ta suna cikin waɗanda suka fara ɗora inji a kan taya a duniya, tun ana tafiya a keken doki. Ya ce tsinin tauraron nan uku ƙasa ne da ruwa da sama, domin injinsu ya shiga duka ukun. Ya ce sunan ma da ake kiranta da shi sunan 'yar wani dillalin motocin ne. Wannan ya yi wa Baba daɗi ƙwarai, ya ce ashe dai ko a Turai dillali ba abin rainawa ba ne.

"Amma Alhaji," in ji bakaniken, "abu ɗaya zan gaya maka. Wannan a can ƙasarsu har haya ake yi da ita, dare da rana tana kan hanya. Aiki ne abincinta. Ka riƙa hawa."

Baba ya yi murmushi, ya ba shi goro, ya sallame shi. Bakaniken yana juya baya Baba ya ce mana, "Kun ji ɗan duniya. So yake a lalata ta da wuri ya samu abin yi."

Washegari aka kira magina. A gefen ɗakin da muke ajiye gyaɗa da harawa aka tayar da wani ɗaki mai faɗin ƙofa, na shigar da motar da hannuna, aka lulluɓe ta da tamfol, aka sa kwaɗo. Tauraron ma Baba ya sa aka kwance shi, ya naɗe a hankici ya sa a aljihun gaba. Na ce, "Baba, yanzu wa zai yi sata ana maganar yanke hannu?" Ya ce shari'a ba ta hana shi ɗaure akuyarsa ba.

Hujjarsa a fili take, kuma a wurinsa ba ta da ƙofar shiga. Dabbar da kake tanadi domin babbar rana ba ka sa ta wahala. Turke ta ake yi a inuwa, ta huta, ta yi kyau, ranar da za a fito da ita kowa ya san an fito da abu. Babbar ranar kuwa ita ce ranar tafiyar Kaka sansanin alhazai a Katsina, wata takwas nan gaba. Ga kuma wa'azi da ya yi yawa a lokacin, kowane masallaci ana jan kunne a kan riya da fahari, sai ya samu hujja ta biyu. Ya ce ba zai riƙa yawo a gari yana tsone wa talakawa ido ba. Kaka ma ya hana a gaya mata.

Ba zan ɓoye ba, na ji haushi, haushi mai tsanani. Ruwa ya yi ta dukana a kan babur damina guda, ga mota a gida tana barci. Na yi magana ta hankali, na yi ta rashin hankali, na turo abokansa, duk a banza. Kowace Juma'a bayan an sauko zai buɗe ɗakin, ya ɗage tamfol, ya goge ta da tsumma mai laushi, ya tsaya yana kallo. Ko makulli ba a murzawa, wai kada a ƙona mai a banza. In ya fito sai ya ce mani, "Ka ga yadda take ƙara sheƙi? Hutu ke nan." Ni kuwa in ce a raina, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Aka yi girbi, aka cika ɗakin gyaɗa, aka sha azumi, aka yi salla. Sai ga saƙo cewa maniyyatan Baure su hallara, jibi kafin la'asar a shiga sansani. Baba ya ce sauran su bi motar hukuma, tasa uwar shi zai kai ta. Ana gobe tafiya da hantsi ya miƙo mani makulli da hannu biyu, ya yi bisimilla, aka yaye tamfol. Na zauna, na murza. Shiru. Na sake murzawa, wata 'yar fitila ta yi ja-ja ta mutu. Da na buɗe bonet sai wani ƙaton ɓera ya yi tsalle ta tsakanin ƙafafun Baba, wasu biyu suka bi shi.

Bakanike ya zo ya duba, ya zauna a ƙasa ya yi dariya har da hawaye. Ɓeraye sun mai da injin gida. Gidan filtar iska cike yake taf da gyaɗa, an jera ta kamar rumbu, wayoyi uku an gwaigwaye su, batir ya mutu murus, tayoyi sun kwanta. "Alhaji," ya ce, "kai ka turke mota, su kuma suka yi ƙiba." Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar ranar ba. Duk haushin da na tara wata takwas sai ya zube, tausayi ya kama ni. Ya tsuguna kusa da mutumin da ya kira ɗan duniya, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Malam, gobe zan ɗauko tsohuwa. Ka rufa mani asiri."

Bakanike ya daina dariya. Tun daga lokacin har la'asar sakaliya yana ƙarƙashin bonet, ya haɗa wayoyi, ya wanke abin wankewa, ya zubar da tsohon mai, aka ba tayoyi iska, aka kai batir caji. Da ya ce a sayi sabon batir, Baba ya ƙi, wai wanda Jamusawa suka sa da hannunsu ya fi na kasuwa. Hali zanen dutse. A ƙarshe dai ta yi tari sau biyu ta tashi, gidan ya ɗauki guɗa. Bakanike ya kama hannuna ya ce, "Batirin nan ba shi da sauran ƙarfi. Gobe in ta tashi, kada ka kashe ta sai kun isa Katsina. Ko salla za ku yi, ku bar ta tana numfashi."

Da sassafe muka kama hanya, ni a sitiyari, Baba a gefena cikin babbar riga fara. Wannan tafiya ba zan manta da ita ba. Motar tana shan ramuka kamar ba ta san da su ba, sitiyari a hannu kamar man shanu. A Zango 'yan acaɓa suka riƙa ɗaga mana hannu, a Baure wani abokin cinikinsa ya hango shi ya cire hula yana kaɗawa. Baba ya manta da wa'azin riya, ya sauke gilashi yana amsa gaisuwa har da waɗanda ba su gaishe shi ba.

Ƙauyenmu yana gaba da Babban Mutum kaɗan, ta wata hanyar rairayi. Muna hango bishiyoyin kukar bakin gari sai Baba ya ce in tsaya. Zai goge ta, ya ɗaura tauraro, kada ta shiga gaban Inna da ƙura. Na tsaya. Ya ce, "Kashe ta."

Na ce, "Baba, an ce kada a kashe."

"Tun Daura take gudu. Ko jaki ne ai ka bar shi ya sha iska. Kashe ta, minti biyar."

Na yi magiya, ya haɗa rai. Zuciya ta ɗebe ni na murza makulli na kashe, na ce a raina to ga ta nan. Ya goge ta tsaf, ya fito da tauraro daga hankici ya ɗaura, ya ja da baya ya duba, ya ce bisimilla mu je. Na murza. Ta yi wani gurnani guda ɗaya ta yi shiru.

Muka tura, ina! Mota mai nauyin bijimi uku a cikin rairayi, dattijo ɗaya da malamin makaranta ɗaya. Rana tana ɗagawa, Katsina da nisa, ga tsohuwa can ta ɗaure kaya tana jira. Baba ya jiƙe sharkaf, babbar riga ta koma ruwan ƙasa. Muna cikin haka sai ga wani manomi da amalanke, shanun huɗa biyu suna ja. Nan fa dillali ya farka. Baba ya dubi shanun sau ɗaya ya ce na dama ya fi ƙarfi, a mai da shi ɓangaren da tayar ta fi nutsewa. Shi da kansa ya kwance amalanken, ya ɗaura igiya daga karkiya zuwa ƙarfen gaban motar, ya karɓi tsumagiya, ya yi musu irin kiran da ya sani tun yana yaro. Suka sunkuyar da kai suka ja, Bajamushiya ta biyo su.

Haka muka shiga garin. Shanu biyu a gaba, Alhaji da tsumagiya a gefensu, motar Jamus tana sheƙi a baya da tauraronta, ni a ciki ina riƙe da sitiyari kamar gaske. Mutanen da suka taru rakiyar maniyyaciya suka zuba mana ido, sai wani tsoho ya ce, "Alhaji, wannan ita ce sabuwar garmar da ake faɗa?" Gari ya fashe da dariya. Baba ya yi yaƙe, amma na ga idonsa yana kan ƙofar gida. Shekara arba'in yana shirya wannan shigowa a ransa, ga yadda ta kasance.

Kaka ta fito da farin mayafi da 'yar jakarta. Ta dubi shanun, ta dubi motar, ba ta dubi ɗanta ba. Ni ta duba. "Maigida," ta ce, "da amalanke ka zo ɗaukar amaryar taka? Lallai na yi zaɓen tumun dare."

A bayan masallacin garin akwai fako mai ɗan gangara. Can aka ja ta, aka kwance shanu, majiya ƙarfi suka sa kafaɗa. Na sa giya ta biyu, suka tura da kabbara, na saki kuloci, ta yi tsalle ta kama. Wannan karon ko Baba bai ce a kashe ba. Ya buɗe ƙofar baya da kansa, ya koma gefe ya sunkuyar da kai, ya ce, "Inna, bisimilla."

Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu kamar mai shiga ɗakin amarya, amma ba ta shiga bayan ba. Ta zagayo ta tsaya a ƙofar gaba. "Ni kusa da maigidana zan zauna. Ka ce wa wancan ya shiga baya." Baba ya shiga ya zauna a takure a bakin kujera, da rigarsa mai datti, kamar wanda aka rage wa hanya.

Muka kama hanya har muka wuce Baure. Na san in ban faɗa ba Baba ba zai taɓa faɗa ba, sai na ce, "Amarya, kin san dalilin sayen motar nan kuwa?" Na ba ta labarin ranar kasuwar Zango, da baƙar motar attajiri, da hawayen da ta share, da alkawarin da aka riƙe tun daga ranar. Ta saurara tana murza carbi.

"Na tuna ranar," ta ce. Ni take wa magana, idonta a kan hanya. "Yo ni me zan yi da mota, maigida? Ni da na saba da tafiyata. Wancan ne ke gabana, ba takalmi, ƙaya ta huda mashi ƙafa tun daga gida, yana ɗingishi yana ɓoyewa don kada in gani. Duk inda ya taka sai na ga jini a rairayi. Ga ɗan wata a kwance cikin mota ya wuce. Na ce ya Allah, ni ma nawa ɗa ne." Ta ja carbi biyu ko uku. "Ba ni da bakin faɗa mashi. Sai na faɗa wa Mai sama."

Ban iya waiwayawa ba. Na dai ji numfashin Baba ya sauya a bayana.

Can sai ta miƙa hannu ta taɓa madubin tsakiya. "Wannan na mene ne?" Na ce na ganin abin da ke baya ne. Ta kama shi da yatsunta ta karkato shi wajenta, ta ɗan daidaita, ta sake daidaitawa har ya zauna inda take so. Sannan ta ce, "Ka ce mashi ya jingina da kyau. Haka mai waccan motar ya zauna."

Baba ya jingina. Daga nan har ƙofar sansanin alhazai, ta Daura, ta Mashi, ba ta ɗauke ido daga madubin nan ba, ni kuwa da madubin gefe na yi tuƙi. Mun isa ana kiran la'asar. Na yi farin ciki a rayuwata sau da yawa, amma na ranar daban yake.

Bayan wannan Bajamushiya ba ta sake kwana biyu a jere a ɗaki ba. An sayi batir, an bi kasuwanni da ita, ta kai amare, ta kai masu naƙuda asibiti, har ɗan maraƙi ta taɓa ɗaukowa daga Mai'aduwa a but ɗin bayanta. Bakanike ya ce tun da ta fara wahala ta ƙara lafiya, Baba kuma ya ce shi dama ya san haka. Abu ɗaya ne ya hana. Ranar da muka dawo daga Katsina na kai hannu zan mai da madubi daidai, sai ya riƙe mani hannu daga baya.

"Bar shi yadda ta sa shi," ya ce.

Shekara goma sha ɗaya na tuƙa motar nan da madubin gefe.